Kafin a sa wa ƙafar Inna wuƙa

Assalamu alaikum, Baba Majo. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ɗiyarka ce daga unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Mahaifiyarmu ta kusa shekara 60, tana da tabon ƙuna a ƙwaurinta na hagu tun tana yarinya, kunu ne ya zube mata. Shekara biyu ke nan ice ya soke ta daidai kan tabon, wurin ya buɗe, har yau ya ƙi rufewa. Mun yi na gida, mun yi na farmasi, kuɗi sun tafi sama da jikka 100. Yanzu nama ya tsiro a bakin gyambon, yana wari, da an taɓa sai jini. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar unguwarmu, ya duba ya ce yana tsoron kansar fata ce, ya ba mu takarda mu je babban asibiti. Tun ranar kan gidanmu ya rabu. Kawu ya ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, duk wanda ya kai ta aka yanka shi ya kashe ta. Yayana da ke Agadas ya turo kuɗi ya ce a kai ta kilinik. Mun je wata, suka ce in mun biya za su yanke cikin satin nan, ba su yi mana maganar wani awo ba. Maƙwabciyarmu ta ce Kano, wani ya ce sai Yamai. Inna kuwa ta ce in yanke ƙafa ne gara ta mutu da abarta. Takardar tana ƙarƙashin katifa wata guda ke nan. Baba, ina za mu nufa, kuma ta yaya zan gane wurin kirki?

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Takardar nan da ta kwana talatin ƙarƙashin katifa, ki ciro ta yau. Cikin duk mutanen da kika lissafa mini, majon unguwarku ne kaɗai ya kwance ƙyallen ya dubi ciwon da idon mai aiki, kuma abin da ya ce shi ne yana tsoro, bai ce ya tabbata ba. Ya faɗi daidai. Ba a tabbatar da kansa da ido, ko da mutum ya tsufa a cikin aikin. Ga shi kun zauna kuna ja-in-ja a kan Kano da Yamai, alhali ciwon ko suna ba a raɗa masa ba tukuna. Neman sunan shi ne aikin da ke gabanku, kuma da shi za ki auna kowane asibiti da kowace kilinik.

Bari in gaya miki abin da ya tsorata majon, don kada ki ɗauka ya faɗa ne kawai. Fatar tabon ƙuna ba irin sauran fata ba ce. Ba ta gashi, ba ta zufa, ba ta da maiƙo, jinin da ke ratsa ta kaɗan ne. A ƙwauri kuma ta kwanta ne kai tsaye kan ƙashi, ba tsokar da za ta kare ta. Sai ta tsage ta warke, ta sake tsagewa ta sake warkewa, shekara da shekaru. A cikin wannan gyara da rushewar ne wasu ƙwayoyin fatar kan kauce hanya, su shiga hayayyafa ba tsayawa. Wani likitan fiɗa Bafaranshe mai suna Marjolin ya yi bayanin irin wannan gyambon tun 1828, har yau da sunansa likitoci ke kiran sa. Yakan ɗauki shekara 20, 30, ko fiye, tsakanin ƙunar da bayyanarsa, shi ya sa ba mai haɗa shi da kunun da ya zube tun zamanin ƙuruciya. Turawa rana ce ke jawo musu kansar fata. Mu baƙar fatarmu tana kare mu daga rana sosai, tamu ta fi fitowa ta tsohon tabo da gyambon da ya daɗe. Alamomin da kika zana kuwa, ni ma sun sa na gyara zama: gyambo na kirki bakinsa a kwance yake, yana matsowa ciki a hankali, wannan kuwa bakinsa yakan tashi ya yi tauri, ya juyo waje kamar leɓen tulu, tsakiyarsa ta tsiro nama gudaji-gudaji mai saurin jini, ga wani wari da ba ya jin sabulu.

Duk da haka akwai cututtukan da kan yi wannan shigar. Ciwon suga yana hana rauni rufewa. Ƙashin da ƙwayoyin cuta suka shiga yana ta tsiyayar da ruwa shekaru. Akwai gyambon toshewar jijiyoyin jini, akwai tarin fuka na fata. Kowanne da maganinsa, kuma wasunsu ba su buƙatar wuƙa ko kaɗan.

Abin da ke raba gardama shi ake kira biyopsi. Kada sunan ya firgita ki. Za a wanke wurin, a yi allurar kashe zafi a gefen gyambon, a gutsuro nama kamar ƙwayar wake daga bakinsa, inda marar lafiya ya haɗu da mai lafiya. Gyambo in yana da faɗi akan ɗiba wuri biyu ko uku, domin kansar kan ɓuya a kusurwa guda. Ba a kwana, da ƙafarta za ta dawo gida. Naman a cikin ƴar kwalba ake sa shi, cikin ruwan formol mai hana nama ruɓewa, a rubuta sunanta da kwanan wata a jiki. Ki lura da wannan da idonki: formol, ba ruwan pampo ba, ba a naɗe cikin auduga ba. Naman da ya bushe ko ya ruɓe ya tashi a banza. Daga nan sai ɗakin awon nama, wanda za ki ji ma'aikata suna ce wa anapat, inda likita na musamman zai yanka shi siriri, ya rina shi, ya duba a madubin awo, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Irin waɗannan likitocin ba su da yawa a ƙasar nan, sau da yawa Yamai ake aika kwalbar, saboda haka sakamakon kan ɗauki makonni. Ki tambayi wanda zai kai, da ranar da za a dawo, ki karɓi rasit, ki riƙe lambar wayar da za ki riƙa tuntuɓa. Sakamakon awo ba ya bin mutum gida, sai an bi shi.

Na san za ki ce: Baba, ga masu cewa za su gama cikin satin nan, kai kuma kana ƙara mana makonni. To saurari abin da ya faru a gabana.

Ina sabon shiga aiki, a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba, aka kawo wani dattijo manomi da tsiro a bayan ƙafa, kan tsohon tabo, bai fi girman goro ba. Aka kwantar da shi, aka yanke daidai gindin tsiron, aka ɗinke tsaf. Ni na riƙe kwanon da aka jefa naman, ni na kai shi na zuba a bokitin shara, ban tambayi kowa komai ba. Tsohon ya tafi yana sa mana albarka, har zabuwa ya aiko mana da ita. Bayan damina ya dawo a kan amalanke. Ɗinkin ya fashe, abin ya ninka uku, ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi, tauri kamar dutse. Likitan da ya karɓe shi a karo na biyu tambaya ɗaya ya yi: ina sakamakon naman farko? Muka yi tsuru-tsuru. Shekaru sun ja, amma har yau ina ganin bokitin nan, shuɗi ne, murfinsa a fashe.

Kansar fata tana da saiwa da ido ba ya gani, tana bin ƙarƙashin fatar da za ki rantse lafiyarta lau. Shi ya sa likitan da ya san irin ciwon da yake yaƙa ba ya yanka a gindin tsiro. Yakan zagaye shi da alƙalami, ya bar tazara, a irin wannan gyambon wajen santimita 2 ta kowane gefe, ya kuma bi zurfi har ya kai nama mai lafiya. Abin da ya cire gaba ɗaya sai ya sake komawa anapat, a duba gefunansa a ga ko wuƙar ta wuce saiwar ko ta ratsa ta tsakiyarta. Ramin da ya rage ya fi ƙarfin ɗinki, sai an yi dashen fata: a ɗebo siririya kamar takarda daga cinyarta a shimfiɗa a wurin, cinyar kuma ta warke da kanta cikin mako biyu zuwa uku. Aikin farko shi ne mai daraja. In aka yi shi rabi da rabi, na biyu ya fi shi girma, ya fi shi tsada, ya fi shi kusa da ƙashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka kilinik ɗin da ta yanka muku farashi kafin ta yi maganar awo, ban ce mugaye ba ne, ban san su ba. Amma kada ki kai musu Inna a kan wannan sharaɗin. Kuma kada ki ɗauka ina kushe kilinik ne don ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Akwai masu aiki da tsoron Allah, kuma kowa ya san likitan da ke duba mutane da safe a asibitin gwamnati sau da yawa shi za ki tarar da maraice a kilinik. Hannun ɗaya ne, sanyin ɗaki da kujerar zama ne suka bambanta. Yayanki yana nesa, hankalinsa a tashe, gani yake inda aka fi biya can aka fi kulawa. Ki gaya masa kuɗinsa za su yi amfani, amma ba a makon nan ba.

Duk inda kika shiga, na gwamnati ko na kuɗi, bakinki shi ne ma'auninki. Ki tambaya a cikin ladabi: likita, za a ɗebi nama a auna kafin a yi aikin? Ina ake kai shi? Wa zai yi aikin da hannunsa, likitan fiɗa ne, kuma ya saba yin irin wannan? In ramin ya yi faɗi, a nan ake dashen fata ko sai an tura mu? Sannan ki zuba ido ki ga abin da zai yi da hannunsa. Likitan da ya san kansar fata ba ya tsayawa kan gyambon, sai ya sa hannu ya lalubi matsematsin cinya, domin can ce tashar farko da ciwon ƙafa kan sauka in ya fara tafiya. Zai nemi hoton ƙashin ƙwaurin ya ga ko an taɓa shi, ya nemi hoton ƙirji, wataƙila da eko, wato hoton cikin jiki da ake gani a na'ura, ya auna suga da yawan jini. Wanda ya leƙa daga nesa yana toshe hanci, ya jawo takarda ya rubuta kuɗi, ya riga ya ba ki amsa. Haka wanda ya fusata don kin yi tambaya. Haka wanda ya ce miki tabbas zai warkar, ko ya ce yana da wata allura daga waje da ke narkar da kansa ba tare da aiki ba. Ni na fi natsuwa da likitan da zai ce "wannan ya fi ƙarfin wurin nan, ga takarda ku je wuri kaza" a kan wanda bai taɓa tura kowa ko'ina ba.

Abu na ƙarshe a wannan babin: takarda. Duk abin da aka yi wa Inna a rubuta, a ba ki. Sakamakon awo, bayanin aikin da aka yi, hotuna, takardun magani. Ki sayi jakar roba ki tara su, ki ɗauki hoton kowace da wayarki. Wurin da ke riƙe wa majinyaci takardunsa don kada ya je wani wuri, ba wurin zama ba ne.

Yanzu batun gari. Ku fara da gida. Babban asibitin ƙasa na Zinder shi ne inda takardar majon ta nufa, can ne ake turo marasa lafiya daga Mirya, Magarya, Matamai, Tanut da Gure, akwai likitocin fiɗa, kuma tun da jami'ar André Salifou ta fara horar da likitoci, wurin koyarwa ne. Akwai layi, akwai jira, akwai "ku dawo jibi", ba zan ɓoye miki ba. Ku yi sammako. Amma ku dubi abin da ke tafe bayan aikin: wankin ciwo na makonni, dashen fata da ke son a riƙa duba shi, sannan komawa wurin likita duk bayan ƴan watanni har shekaru, don irin wannan ciwon in zai dawo ya fi dawowa a shekarun farko. Duk wannan ya fi sauƙi in tsakaninku da likitan kuɗin adaidaita ne, abincin Inna kuma daga tukunyar gidanta yake fitowa.

Yamai tana da ranarta. Can cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa take, wadda ake kira CNLC, kuma a 2021 aka buɗe sashen gashi a cikinta, na farko a ƙasar nan, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Gashin nan ba wuta ba ce, haske ne mai ƙarfi da na'ura ke harbawa daidai wurin ciwon, ƴan mintoci a rana, kwana biyar a mako, makonni biyar ko shida a jere. Ba kowa ke buƙatarsa ba. Akan yi shi in awo ya nuna wuƙa ba ta wuce saiwar ba, ko ciwon ya kai kaluluwa, ko ya zauna inda ba ya yankuwa. Tafiyar kuwa kusan kilomita 900 ce, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, yini guda cur a mota da ƙafa mai ciwo a rataye. In za ku yi ta, ku yi ta da takardar turawa daga likitan nan da sakamakon anapat a hannu, kun san wurin wa za ku, kun san gidan da za ku sauka. Wanda ya tafi hannu rabbana, awon da ya gudu ya bari a Damagaram shi za a fara sa shi a can, yana biyan kuɗin masauki yana jira.

Maƙwabciyarki ma ba ta yi ƙarya ba. Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, wajen kilomita 240, kuma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano babban wuri ne, da likitocin fata da na fiɗa da masu awon nama. A Shika ta Zariya da Sakkwato akwai sassan gashi da suka daɗe. Mutanenmu sun saba bin hanyar nan tun kakanni. Sai dai ki yi lissafi da idon basira. A can ku baƙi ne, komai da kuɗinku, canjin naira yau daban gobe daban. Takardunku na Faransanci ne, nasu na Ingilishi, wani awon sai an sake shi. Kuma kin ga yadda aka rufe iyaka daga 2023 har cikin watan Maris na 2024, ki ƙaddara mutum yana tsakiyar magani haka ta faru. In kuna da ɗan'uwa na jiki a Kano da zai riƙe ku wata biyu ba gajiya, kuma likitan nan ya ce abin ya fi ƙarfinsa, to hanya ce. Amma ba a fara ta don maƙwabciya ta faɗa. Abin da na fi tsoro shi ne yawon asibiti: a taɓa nan, a taɓa can, kowa ya fara daga farko, kuɗi su ƙare a mota, ba likita ɗaya da zai ce Inna majinyaciyarsa ce.

Tunda an zo maganar kuɗi, kada wani ya ce miki maganin kansa kyauta ne ga mata ki saki jiki. Dokar 2007 kansar mama da ta mahaifa ta shafa, ta fata ba ta ciki. Abin da zai taimake ku shi ne ragin rabin kuɗin aiki da gwamnati ta yi a asibitocinta tun 1 ga Satumban 2024. Duk da haka magani, kayan wankin ciwo da kuɗin mota suna nan. Ki nemi a rubuta miki ƙiyasin kuɗin aikin tun kafin ranar, ki biya a wurin biya ki karɓi rasit, kada ki damƙa wa kowa kuɗi a lungu. In abin ya yi nauyi, akwai ofishin taimakon marasa ƙarfi a cikin asibitin, su za su gaya miki takardar da ake nema daga ma'aikatar magajin gari. Ba abin kunya ba ne. Kuɗin yayanki kuma ki raba su tun yanzu, kada a cinye su a awon farko a zo ranar aiki ana kallon juna.

Sai Kawu. Kada ki yi masa gardama a gaban mutane, ƙanin uwa uba ne, kuma tsoron da yake ji don ƴar'uwarsa ne. Maganarsa ma ba daga iska ta faɗo ba. Ya ga waɗanda aka yanka suka mutu, ni ma na gani. Abin da bai gani ba shi ne yawancinsu sai da suka shekara uku suna shafe-shafe, ciwon ya riga ya shiga ƙashi ya kai huhu, sannan aka kawo su, wuƙa ta zo a makare aka ɗora mata laifi. Sauran kuwa irin dattijon nan nawa ne, da aka yanke kai aka bar saiwa. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke ba a labarinsu, suna kasuwar Dole suna cinikinsu, zane ko wando ya rufe tabon. Allura da gutsuren da ake ɗiba don awo ba su watsa kansar fata, zama ne ke watsa ta. Ki same shi shi kaɗai bayan la'asar, ki durƙusa ki ce: Kawu, ba yanka za a yi ba, dubawa za a yi a san ko dajin ne ko ba shi ba, kuma ba ma son zuwa sai da kai. Ku tafi da shi, ya zauna gaban likita ya yi tambayarsa da bakinsa. Dattijon da aka ba girmansa sau da yawa shi ke komawa gida yana lallashin sauran. Addu'a, sadaka, rubutun sha, duk a ci gaba, ba mai hana ku. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ƙara zuba komai a cikin gyambon. Ba gari, ba toka, ba kafson da ake fasawa a barbaɗa, balle magungunan nan masu cin nama da ake cewa suna fitar da daji. Suna ƙona saman, ƙasan yana tafiyarsa, kuma suna ɓata naman da za a auna.

Inna kuwa, ita ce mai ƙafar, kuma na lura a wasiƙarki kowa yana magana a kanta, ba mai magana da ita. Kada ki rantse mata cewa ba za a yanke ba, domin ba ki sani ba, in kuma ta kama ki da ƙarya sau ɗaya ba za ta ƙara yarda da ke ba. Ki gaya mata gaskiyar yadda take: in ciwon bai kai ƙashi ba, fata ake cirewa a dasa wata, ƙafa tana nan. Yanke ƙafa sai in ya ci ƙashi ko ya nannaɗe manyan jijiyoyi. Kowane wata da takardar nan ta ƙara a ƙarƙashin katifa, ciwon yana ƙara kusantar ƙashin da take tsoro a taɓa. Ba wanda zai sa mata wuƙa sai da yardarta, haka dokar aikin take. Ki ce mata zuwan farko dubawa ce kawai, ki kuma roƙi likitan ya yi mata bayani da Hausa, ita da kanta, ba ta bayan kanta ba. Tsofaffinmu sun fi mu ƙarfin zuciya in aka daina yi musu ɓoye-ɓoye.

Kafin ranar, ki riƙa wanke wurin sau ɗaya a rana da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri kaɗan, cokalin shayi biyu a lita guda. In ƙyallen ya manne kada ki fizge, ki jiƙa shi har ya saki da kansa. Ki rufe da bandeji mai tsabta saboda ƙuda. In jini ya ɓalle, ki danna da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa, ƙafar a sama. In ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko ƙafar ta kumbura ta yi zafi, kada ku jira wayewar gari. Ki tambayi majon batun allurar tetanos. Ki ba ta abin da zai gina jiki, wake, ƙwai, nono, zogale, ɗan nama in ya samu, don mai gyambon shekara biyu da wuya a same shi da isasshen jini, likita kuma ba ya yin aiki sai jini ya kai.

Tunda na san ba ke kaɗai ke karanta wannan ba: mai tabon ƙuna ko tsohon gyambo da ya buɗe ya wuce wata biyu bai rufe ba, ya kai a duba. Wanda ya ga baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce yana faɗaɗa, kada ya ce ƙaya ce, akwai wata kansar mai suna melanoma da ke fito mana a nan, ta kuma fi wannan saurin tafiya. Masu ɗa zabiya kuwa, ranar Damagaram ba abokiyar wasansa ba ce: malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, inuwa da tsakar rana, kuma duk ɓawon da ya fito masa a kunne, leɓe ko wuya ya ƙi warkewa, a kai shi tun yana ƙarami.

Ke kuma ɗiyata, ranar Litinin ki tashi da asuba. Ki ɗauki takardar majon, katin Inna, da duk kwalayen magungunan da ta sha, har na gargajiyar, ki faɗa wa likita ba ragi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki ɗauki hoton gyambon yau da wayarki, ki ajiye dala a gefensa don a ga girmansa, ki maimaita duk mako. In sakamakon anapat ya fito, ki duba layin ƙarshe, can ake rubuta sunan ciwon. In kin ga an rubuta karsinom, to zaton majon ya tabbata, ki nemi ranar aiki kafin ki bar ofishin. Ki rubuto mini abin da aka rubuta harafi da harafi, da abin da likitan ya ce game da ƙashin da kaluluwar, sai mu san ko akwai maganar Yamai. Ki gaida mini Inna da jiki, ki gaida Kawu.

Baba Majo